Ta ina ake kama tarihin Jigawa da ƙananan hukumominta?

Tambaya: Ni malamin sakandare ne a Malam Madori. An ɗora mini aikin haɗa wa ɗalibai ɗan littafi kan tarihin Jihar Jigawa da ƙananan hukumominta 27. Wani abokin aikina ya ce wahalar banza nake yi, wai jihar da aka yi a 1991 ba ta da wani tarihi sai na Kano. Haka ne? In ba haka ba ne, ta ina zan kama?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Maganar abokin aikinka da ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai bai bi ta har ƙarshe ba. Gaskiya ne ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanko Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, aka ajiye hedikwata a Dutse, Kanar Olayinka Sule ya fara riƙe ta, sannan Ali Sa'ad Birnin Kudu ya zama gwamnan farar hula na farko a farkon 1992. In tarihin sakatariya da kasafin kuɗi ake nufi, to daga nan ya soma. Amma a ce duk abin da ya gabaci wannan rana na Kano ne, wannan kam a'a.

Duba yadda ƙananan hukumomin suka rabu a kan masarautu biyar na jihar. Haɗeja na da takwas, Dutse bakwai, Gumel da Kazaure da Ringim kowacce huɗu. Ƙasar Dutse da ta Ringim su ne kaɗai gundumomin Sarkin Kano a da, 11 ke nan cikin 27. Sauran 16 suna cikin ƙasashen da tun ƙarni na 19 ba Sarkin Kano ke naɗa musu sarki ba, ba kuma shi suke kai wa gaisuwa ba. Haɗeja da Kazaure Sakkwato suke kallo kai tsaye, Gumel kuwa Barno take bi. Ko da Turawa suka zo suka zuba su cikin Lardin Kano, kowacce ta riƙe En'enta da baitulmalinta da alƙalinta da gidan yarinta. Zama lardi ɗaya da Kano daban, zama talakan Sarkin Kano daban.

Shawarata ta farko ita ce kada ka tsara littafin nan babi 27, kowace ƙaramar hukuma da nata. Na karanta ƙasidu irin wannan da dama. Kowane babi zai fara da shekarar da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar, ya jero sunayen ciyamomi, ya ce mutanen wurin manoma ne masu son baƙi, shi ke nan. Yaro ya haddace, ya ci jarrabawa, bai san komai ba. Ƙaramar hukuma iyaka ce ta mulki, kuma ta kwanan nan: tsarin da muka sani a 1976 ya zo, daga baya gwamnatocin soja suka yi ta tsattsaga shi. A ƙarƙashinta akwai gunduma, wadda Turawa suka shata a farkon mulkinsu, lokacin da suka tilasta wa hakimai barin birni su koma su zauna cikin talakawansu saboda karɓar haraji. Ƙarƙashin gunduma akwai masarauta, ƙarƙashin masarauta kuma akwai tsofaffin garuruwa masu ganuwa da suka riga jihadi. Sau da yawa garin da ke da sakatariya a yau shi ne ƙarami a shekaru, babban yana can gefe ya koma mazaɓar kansila.

Ba sai ka yi nisa ba, inda kake zaune ma misali ne. Abin da ya ɗaga Malam Madori jirgin ƙasa ne. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, bai shiga birnin Haɗeja ba. Sai tashar Malam Madori ta zama ƙofar da gyaɗar ƙasar Haɗeja ke fita, kamfanoni suka kafa sikeli, 'yan baranda da leburori da fatake suka taru, har dalar gyaɗa aka yi a garin. Amma a cikin wannan ƙaramar hukuma taku akwai Garun Gabas, wadda ita ce Biram ta cikin Hausa Bakwai. A labarin Bayajida, nan ya bar matarsa 'yar Sarkin Barno ta haifi Biram kafin ya wuce Daura. Labarin baka ne, kuma haka ya kamata ka gabatar da shi, amma ko ba komai ya nuna cewa Hausawa da kansu sun daɗe suna lissafa wannan gari cikin tushensu. Wanda ya fara tarihin Malam Madori daga tasha ya bar Garun Gabas a layi ɗaya, ya kifar da abin ƙasa a sama.

Haka abin yake a duk ƙasar Haɗeja, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Kafin jihadi babu wata masarauta guda mai wannan faɗi. Ƙananan sarautu ne guda bakwai: Auyo, Haɗeja, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa, dukkansu suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadiman Barno da ke zaune a Nguru. Je ka duba jerin mazaɓu na yau: Kazura da Fagi suna cikin Birniwa, Dawa tana cikin Guri. Auyo ce kaɗai, bayan Haɗeja, ta samu sakatariya, ita kuwa tana cikin mafi tsufa, har harshenta gare ta, Auyokanci, ɗan'uwan harshen Badawa, wanda ya mutu Hausa ta maye gurbinsa. Sawun Barno bai goge ba har yau. Shi ya sa a ƙauyukan gabas za ka ji ana cewa bulama inda Bakano zai ce mai unguwa ko dagaci, shi ya sa kuma Mangawa da Badawa suke da yawa a Birniwa da Guri da Kiri Kasamma. Ɗalibinka da kakarsa ke jin Manganci ya kamata ya ga kansa a littafin.

Jihadi ne ya dunƙule waɗannan sarautu. Fulanin yankin, ƙarƙashin Umaru da ƙanensa Sambo, suka karɓo tuta, kuma daga wajen 1808 Sambo ya zauna a Haɗeja ya mai da ita babban birni, ya yi mulki har 1845. Ɗansa Buhari shi ne mutumin da ba yadda za a yi ka rubuta tarihin yankin nan ka tsallake shi. Ya hau gadon a 1848. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya sa aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, shi kuwa ya ja da baya, ya nemi goyon bayan Barno, ya dawo ya ƙwace garin, Ahmadu ya rasa ransa. Da Sakkwato ta haɗo rundunar masarautu don ta hukunta shi, sai ya fatattake su a Kafur, wadda yanzu mazaɓa ce a Auyo. Abin da ake kira Gamon Kafur ke nan. Daga nan har ya mutu a 1863, a yaƙin da ya kai wa Badawa a Gogaram, Haɗeja ba ta bin kowa.

A nan sai ka yi hattara. A Haɗeja Buhari gwarzo ne, da kirarinsa da waƙoƙinsa. A ƙauyukan gabashin Kano na da, irin su Jahun da Miga da kewayensu, abin da kakanni suka riƙe shi ne hari da ƙone gari da kamun bayi. Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun yau 'yan jiha ɗaya ne, wataƙila ma aji ɗaya. Ni a ganina kada ka wanke shi, kada kuma ka mai da shi dodo. Faɗi abin da ya yi, da wanda ya ji daɗi, da wanda ya ji jiki.

Sai 1906. Kano ta faɗi hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, amma Haɗeja ta yi shekara uku tana yi musu biyayyar baki kawai. Bayan tawayen da mutanen Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, suka yi wa Turawa a farkon 1906, Gwamna Lugga ya ƙudura ba zai bar wani sarki yana ɗaga kai ba, sai aka turo runduna daga Kano a watan Afrilu. Labarin da ya shahara shi ne an aika wa Sarki Muhammadu manzo da sharuɗɗa, aka mari manzon aka kore shi. Mahaya suka fito da masu da takubba suka tunkari bindiga mai jigida, aka kwashe sa'o'i ana gwabzawa cikin gari har ƙofar fada. Sarki ya faɗi tare da wasu 'ya'yansa da manyan jarumansa, shi ya sa har gobe Mai Shahada ake ce masa. Daga makarantarku zuwa Haɗeja ba nisa, ka kwashi ɗalibai ka kai su su ga ragowar ganuwa da ƙofofi da wurin da aka yi abin. Yini ɗaya a can ya fi darasin mako guda.

Gumel kuma wani labari ne dabam, kuma ita ce amsar da ta fi saurin rufe bakin mai cewa duk tarihin Kano ne. Sarautar Mangawa ce, an kafa ta wajen 1750, ta bi Barno, kuma jihadi bai ci ta ba. Ba ta taɓa shiga Daular Usmaniyya ba ko na rana ɗaya. Tsohuwar hedikwatarta, Tumbi, yau tana cikin Jamhuriyar Nijar, saboda iyakar da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ta ratsa tsakiyar ƙasar. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya bi ta Gumel a 1851 ya tarar da kasuwa cike. Amma zamanta tsakanin manya ya ja mata: Haɗeja ta gabas, Damagaram ta arewa, Kano ta yamma. Rigimarta da Haɗeja ba ta lafa ba sai bayan mutuwar Sarki Abdullahi a 1872, hare-haren Damagaram na ƙarshen ƙarnin kuma suka kwashe mata jama'a. Saboda haka tarihin Maigatari da Sule Tankarkar ba ya cika sai an leƙa tsallaken iyaka. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, inda raƙuma da shanu da tumaki ke gangarowa daga Nijar, ci gaban tsohuwar hanya ce da ta girmi iyakar nesa ba kusa ba.

Kazaure daga tawaye aka haife ta. Ɗan Tunku, Bafulatanin Yarimawa, ya taimaka wa masu jihadi a arewacin Kano, amma da Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a 1819 sai ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka yi shekaru ana fafatawa, duwatsun yankin suka ba shi mafaka, daga ƙarshe Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya tabbatar masa da ƙasarsa. Ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824 ya kafa garin sosai. Dubi taswira ka ga yadda Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suka maƙale a kusurwar yamma, sun fi kusa da Daura da Katsina, har mai zuwa Dutse daga can sau da yawa ta cikin Kano yake ratsawa. Wannan siffa ba kuskuren mai zana taswira ba ce, gadon rigimar Ɗan Tunku da Dabo ce.

To, ko a ɓangaren da yake na Kano ne a da, ba a zaune kawai aka yi ba. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Dutse tun zamanin Abdullahi Burja a ƙarni na 15, inda ya ce ya auri 'yar Sarkin Dutse, ya kuma ambaci yaƙin da Sarki Kumbari ya kai mata a ƙarni na 18. Garin da sai Sarkin Kano ya ɗaura yaƙi ya je kansa ba ƙauye ba ne. Bayan jihadi gidaje biyu na Fulani, na Salihi da na Musa, suka riƙe sarautar. Darajar sarki mai sanda kuwa ta sha hawa da sauka: Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga Dutse a 1981 tare da Gaya da Rano da Ƙaraye da Auyo, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983, sai da aka yi Jigawa ta tabbata. Gwaram da Birnin Kudu su ne suka sha hare-haren Ningawa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, don haka tarihinsu da na Bauchi a haɗe yake.

Abu mafi tsufa da ɗan Adam ya bari a jihar nan, a iya abin da ido ke gani, yana Birnin Kudu. A ƙarƙashin manyan duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zanen shanu da aka yi da jan launi. Ka sa ɗalibai su ƙura ido su gaya maka abin da ya bambanta su da shanun da suka sani. Za su gano da kansu: yawancinsu ba su da tozo. Wato an zana su ne a zamanin da irin shanun da ke kiwo a nan ba irin na Fulanin yau ba ne. Kusa da zanen akwai duwatsun da in ka ƙwanƙwasa da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar kuge, kuma za ka ga gurabun da suka lotsa, sun yi santsi saboda yawan bugu na mutanen da ba wanda ya san sunansu. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ne ya fara rubuta bayaninsu a tsakiyar shekarun 1950, yanzu kuma suna hannun hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. Mutane da yawa sun san Birnin Kudu da kwalejin gwamnati da Aliko Ɗangote ya yi, ba su san da wannan ba.

Ringim ba sai ka ja ta da tsawo ba. Masarautar bayan ƙirƙiro jihar aka yi ta, gidan sarautar reshe ne na gidan Dabo na Kano. Abin lura shi ne Ɓaɓura, wadda ke da alaƙa da Dambazawan Ɗambatta, ta kasance garin tsaron iyaka ta fuskar Damagaram.

Akwai babi guda da masu irin wannan aiki kan manta, alhali shi ne ya ɗinke jihar fiye da kowace sarauta: kogi. Kogin Haɗeja ya taso daga ƙasar Kano, ya bi ta Ringim da Taura da Miga da Auyo, ya bazu cikin fadamun Kiri Kasamma da Guri kafin ya nufi Yobe da Tafkin Chadi. Shinkafa, su, kiwon rani, noman alkama, duk a kansa suke. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai yanayin ambaliyar ya canja. Ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani ya koma yana gudana kusan duk shekara, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Tsohon masunci a Guri zai ba ka wannan tarihi dalla-dalla, da sunayen kifayen da suka yi ƙaranci. A wannan fadama ne dajin Baturiya yake, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai suna cin rani. Haɗa wannan da kasuwannin mako, Gujungu da Sara da Shuwarin da Maigatari da ta kifi a Haɗeja, za ka ga yadda riɗi da zoɓo da dabbobi ke zagayawa ba ruwansu da iyakar ƙaramar hukuma.

Maganar hedikwata ma kada ka ɓoye ta. Da aka sanar da Dutse a 1991 mutanen Haɗeja ba su ji daɗi ba, ganin girman masarautarsu da daɗewarta da sarki mai sanda, kuma neman jihar Haɗeja bai mutu ba har yanzu. Yaran sun riga sun ji wannan a gida. Gara su karanta shi a rubuce cikin natsuwa da dalilan kowane ɓangare.

Game da inda za ka samo bayani, takardun zamanin Turawa na Lardin Kano suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Abin da za ka nema shi ne rahotannin ƙiyasin haraji na gunduma-gunduma da littattafan bayanin gunduma da di'o-di'o suka riƙa cikawa. A ciki akan sami yawan jama'a, sana'o'i, kasuwanni, da jerin dagatai. Ka karanta su da sanin cewa mai karɓar haraji ne ya rubuta, ta bakin tafinta, kuma mutane na ɓoye masa abin da za su iya. Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano suna da abin dubawa, haka ma kundayen digiri na sashen tarihi a Jami'ar Bayero, da jami'o'in Dutse da Kafin Hausa, inda ɗalibai suka rubuta tarihin garuruwansu aka ajiye ba mai buɗewa.

Amma babban rumbun yana bakin tsofaffi, kuma kullum raguwa yake. Ka fara da fada don ladabi, ka gaida hakimi ka faɗi abin da ya kawo ka, sai dai kada ka tsaya nan. A fada jerin sarakuna za a ba ka, da labarin cewa kakanni daga gabas suka zo, wanda kusan kowane gari ke faɗa. Je wurin sarkin ruwa, da sarkin maƙera, da makaɗan fada waɗanda kirarin da ke bakinsu kan riƙe sunan da kowa ya manta. Tsofaffin mata kuwa su suka san wace zuriya ta auri wace, da wace unguwa bayi suka kafa, abin da maza kan yi shiru a kai. A nan ɗalibai mata za su fi ka amfani, don su za su shiga cikin gida.

Kada ka tambayi tsoho shekara, zai ba ka lamba don ya faranta maka. Tambaye shi abin ya faru kafin zuwan jirgi ne ko bayansa, zamanin wane sarki, kafin canjin hannu na 1972 ko bayan farin 1973, lokacin ana kashe fam da sule ko an koma naira. Kai ne za ka mai da amsar shekara daga baya. In gari biyu suka ba ka labari mai karo da juna, misali kan wanda ya riga wani zama, rubuta duka biyun ka faɗi wanda ya ba ka kowanne, kada ka yanke hukuncin da zai jawo maka sammaci daga fada. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya, ka rubuta sunan mai magana da garinsu da ranar hirar a farkon kowane ɗauka, sannan ka sauke sautin a kwamfutar makaranta ka kuma ajiye kwafi a wani wuri dabam, domin waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.